Reshen da Maƙwaƙƙwafi Ya Zaɓa

A garinmu Tasawa mutum ba ya ƙwanƙwasa ƙofar gida. Sallama yake yi daga zaure, ya tsaya har a amsa. Mutum biyu na sani masu ƙwanƙwasa ƙofa, jandarma da planto, wato masinjan ofis, kuma ni planto na yi har gashin kaina ya gaji ya zube. Karatuna na lekol bai yi nisa ba. Na kai ajin da ake zana sartifika, na zana, sartifikar ta dube ni ta wuce. Amma ɗan abin da na tsinta ya ishe ni in karanta sunan da ke bayan ambulan, in hau keke, in sami biro, wato ofishin da ya dace, in ƙwanƙwasa, a ce in shigo. Haka na ci ƙuruciyata da rabin tsufana.

Da na aje aiki sai zama ya gagare ni. Gwiwa ta ce ta gama da keke, sauran jikin bai ji labari ba. In ina zaure sai in ji kamar ana jirana cikin gida, in na shiga sai in ji kamar ana jirana a zaure. Nakan tashi in gyara wa tsintsiya tsayuwa. Nakan kwance akuya in sake ɗaure ta a turken da na kwance ta.

Matata ɗiyar kawuna ce, taubashiyata ke nan, saboda haka tun kafin a ɗaura mana aure tana da izinin zagina, kuma ba ta taɓa barin izinin nan ya yi tsatsa ba. In tana so ta tuna mini da sartifika, Mushe take kirana, Mushen nan na Faransanci, kamar malamin lekol.

"Mushe," ta ce wata rana ina zagaya mata murhu, "ko in samo takarda ka kai ma akuya? Ka ga ka yi aiki, ni kuma na huta da inuwarka."

Tsuntsaye suka zaunar da ni. Cikin bazara ne, zafin nan da ke sa kwalta ta yi laushi, na ga wani ɗan jan tsuntsu, bainu, a gindin randa baki buɗe yana haki. Akwai wani tulu da ya fashe ta wuya, na gyara gindinsa ya zama kasko, na rataye shi da igiya a bakin rumfata, na cika da ruwa. Ba wanda ya ce uffan, don shayar da tsuntsu sadaka ce, kowa ya sani. Da na ƙara da faifai na zuba tsakin gero, nan magana ta tashi. Maƙwabcina, wanda gonarsa ke hanyar Mayahi, ya leƙo ta kan katanga ya daɗe yana kallo.

"Malam, mu muna can muna korar su da gwangwani, kai kana nan kana yi musu kiwo? In sun yi ƙiba gonar wa za su?"

Na ce masa waɗannan ƴan birni ne, ba su san hanyar gona ba. Bai yi dariya ba.

Ni dai na sami biro. Da hantsi nakan shimfiɗa buzu a ƙarƙashin rumfa in zauna, ma'aikata su fara isowa. Kurciyoyi ke riga kowa, su yi ta tafiya a ƙasa suna gunaguni kamar tsofaffin magatakarda da aka hana ƙarin girma. Gwara kuwa ba su da tarbiyya ko ta sisi, goma su faɗa faifai ɗaya, rabin tsakin ya watse. In shaya ta sauko da rigarta mai walƙiya kowa sai ya ja baya, ba don ta fi kowa aiki ba. Na san irinta, na kai musu takardu da yawa. Akwai wata cilakowa da ke zuwa jefi-jefi, ta ɗauki abu da dogon bakinta, ta cilla sama ta cafe, ta dube ni ko zan tafa mata. Kurege ɗaya yakan shigo ta ramin da ruwa ke fita, ya cika kumatunsa ya gudu, ba sallama ba godiya. Ƙadangare kuma yana kan katanga yana gyaɗa kai ga duk abin da aka yi. Shi ma na san shi, mun yi aiki tare.

Ko a nan ban iya zama ɗaya ba. In ruwa ya ragu yatsa guda sai na tashi na ƙara, in na tashi su watse, in koma in jira su dawo, ina jin haushin kaina.

Wata safiya ina zaune sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Kafin in yi tunani ƙafafuna sun kai ni zaure, har ina gyara hula. Na buɗe ƙofa, ba kowa sai jakin wani yana kallona. Na dawo na zauna, aka sake. Na sake fita. Matata tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba ta ce, "Baƙon naka yana bisa."

A tsakar gidanmu akwai gawo, ya girme ni, ya girmi katangar. Wanda bai san gawo ba, to itace ne mai taurin kai. Da rani, lokacin da sauran itatuwa suka tsiraice, shi yake cika da ganye. In damina ta kusa, kowa na tohuwa, shi sai ya kakkaɓe nasa ya tsaya tsirara. Can cikin ganyen, a jikin wani reshe mai kaurin cinyar sa, na hango shi: tsuntsu mai ruwan toka, bayansa da ɗan kore-kore, da jar hula a ka. Ya manne da itacen a tsaye, ya dogara da wutsiya, yana saran reshen da baki. Maƙwaƙƙwafi ne. Yakan buga, ya karkata kai ya saurara, kamar mai jiran a ce ya shigo.

Na ce a raina, yau ga abokin aiki.

Na yi duk abin da na sani don ya sauko faifaina. Na ƙara tsaki. Na marmasa ƙuli-ƙuli. Na je bayan gari na ɓantaro suri da gararsa a ciki, na kawo cikin bokiti, kaji suka yi biki. Bai ko duba ba. Abincinsa na cikin itace, tsutsa da ƙwarin da ke cin mataccen reshe. Sau ɗaya tak na ga ya sauko bakin kaskon, ya kurɓi ruwa yana waige-waige kamar wanda ya shiga gidan surukai, ya koma. Ranar na yi ta ba mutane labari a masallaci har suka fara sauri da alwala.

Bayan kwanaki sai na lura ba abinci kaɗai yake nema ba, rami yake sassaƙawa, zagayayye kamar an auna da bakin kofin shayi. Sai ga ta biyu, ba hula, suna karɓa-karɓa. Can kuma sai aka daina sara, ɗaya ya shiga ɗaya ya fito. Wata rana da azahar, gari ya yi tsit, na ji wani ɗan tsiwa-tsiwa daga cikin itacen. An haihu.

Abin da na sani kuma na yi shiru da shi, reshen nan ya miƙe ne daidai bisa ɗakin matata, ɗakin ƙasa mai rufin azara. Ganyen sauran rassan ya rufe shi, daga ƙasa ba ka cewa matacce ne. Amma garin itacen da tsuntsun ke zubarwa ya yi ta sauka cikin kuɓewar da take shanyawa a kan rufin. Ta kawo mini a tafin hannu.

"Mushe, karanta min wanga."

Na ce garin itace ne.

"To, ashe lekol ɗin ba banza ba. Tsuntsun ga ba ya saran ɗanyen icce. Reshen ya mutu, kuma bisa kaina yake. Shamuwa ta iso, na gan ta jiya. Ran kasuwa in baƙonka ya zo, ya hau ya sauke shi."

Baƙon nawa wani Bafillace ne daga wajen Kanan-Bakashe, da ke sauka gidana duk ran kasuwa tun muna da haƙora. Ba ardo ba ne, ni na naɗa shi, nake ce masa Ardo. Ya tsufa amma jikinsa kamar tsumagiya, yana hawa gawo da ƙayarsa kamar mai hawa tsani. Ga yadda muke yi da shi kowace shekara: ya hau ya rage mini rassa, ni in sami itace da haske, shi ya kwashe ganyen da ƴaƴan gawon ya kai wa dabbobinsa, a lokacin da daji ba ko tsinke. Ganyen ne ladansa. Ba mu taɓa yin wata magana bayan wannan ba.

Ran kasuwa ya zo da gatarinsa a kafaɗa da ƙwaryar nono. Na tare shi a zaure na ce gwiwata ta tashi, ba mai riƙe masa igiya, a bari sai mako. Matata na ji daga ciki.

Mako ya zagayo. Wannan karon na sa babbar riga. Na tsaya tsakar gida na bayyana musu cewa gawo itace ne na gwamnati, ba a taɓa shi sai da izinin ma'aikatan daji, na zuba musu Faransanci, duk wanda na tara a bakin ƙofofin biro, har da wanda ban san ma'anarsa ba. Ardo ya saurara da ladabi har na gama.

"Kaɗo," ya ce, "shekara nawa ina hawa iccen ga, gwamnati ba ta zo ba sai bana?"

Na ja shi gefe, na nuna masa ramin. Muka tsaya. Mai jar hula ya iso da wani abu a baki, sai ga ɗan kai ya leƙo, baki ya fi kan girma. Ardo ya yi murmushi, don mai kiwo ba ya ƙin ganin ƙaramin abu yana ci.

"Yaushe za su tashi?"

Na ce saura kaɗan.

"Kaɗan ɗin nan naka ka auna shi da kyau. Dubi ƙasa."

Na duba. Ganyen gawo ne ya fara zuba, ƙanana, rawaya-rawaya, sun rufe bakin randa. Na ce na gani. Gaskiya idona ne ya gani, hankalina na bisa.

Kwanakin da suka biyo ban san zaune ba ban san tsaye ba. Da safe in duba ramin, da rana in duba gabas. Hadari yakan taso ya yi baƙi, ya yi ta gurnani, ya watse. Matata ta daina maganar reshe, ta koma duban sa kawai duk lokacin da za ta shiga ɗaki, sannan ta dube ni. Nakan tsaya gindin gawon in yi wa ƴaƴan tsuntsun faɗa a hankali: ku fito mana, iyayenku sun gaji, ni ma na gaji, mi kuke jira, mota? Mako na gaba da Ardo ya zo ban ma tsaya gida ba, na tafi gaisuwar rasuwar wani mutum da ban taɓa gani ba.

Ƴaƴan tsuntsun suka tashi ran wata Laraba da hantsi. Na farkon ya daɗe a bakin ramin yana leƙe, ya fito, ya koma, uwar na kira daga kan itacen dogon yaro na gidan maƙwabci. Sai ya saki kansa. Tashin ba kyau, kamar an jefa tsumma, amma ya kai. Na biyun bai yi shawara da kowa ba, ya bi shi. Na miƙe tsaye na yi kabbara har gwara suka watse.

Na tafi wurin matata da tafiyar manya. "Hajiya, na ba da izini. A sare."

"Allah shi ƙara girma," ta ce. "Wa zai sare?"

Ran kasuwa na shimfiɗa tabarma a zaure tun da safe. Ardo bai zo ba. Da azahar na ja gwiwata har kasuwar dabbobi, na tambayi ƴan uwansa. Suka ce ai ruwa ya sauka wajensu, manoma sun fara shuka, an kaɗa shanu arewa kamar kowace shekara, sai kaka in Allah ya kai mu. Na dawo gida na ɗaga kai. Gawon ya gama kakkaɓe ganyensa, ba sauran abin da akuya za ta lasa. Ko Ardo na nan, me zai hau ya ɗauka? Na nemi masu saran itace na gari, duk sun tafi gona. Ɗaya da na samu ya zo ya zagaya gawon, ya ce reshen ya ruɓe ta gindi, mai nauyi irinsa ba ya taka shi, ga ƙaya. Kuma, in ji shi, ya ji an ce gawon gidan nan na gwamnati ne. Maƙwabcina ne ya baza maganar. Faransancina ya tsallaka katanga.

Har yau ina cewa laifin gawo ne. Da itace ne mai bin tsari kamar sauran, yana ganye da damina, da ba a yi haka ba.

Da yamma na ga matata ta naɗe tabarmarta, ta ɗauki matashi da buta da carbi, ta ratsa tsakar gida ta shige ɗakina, mai rufin kwano, wanda ke can nesa da gawon.

"Hajiya, ina zuwa?"

"Na ba ka izini," ta ce. "Ka kwana ƙarƙashin abokin aikinka."

Na ce ai reshen nan zai kai baɗi, ni na san itace. Na ce in kwana ƙarƙashinsa ne, har da rana ma can zan riƙa kishingiɗa. Na faɗa da ƙarfi, maƙwabci na ji. Daga nan ba komawa.

Ban taɓa sanin iska na da iri-iri ba sai da na koma ɗakin nan. Ko zakara ya kaɗa fiffike sai na ɗaga kai. Na ja gadon daga wannan kusurwa zuwa waccan, na fita na auna inuwar reshen da ido, na dawo na mayar da shi inda yake. Na jefa igiyar guga na ɗaure reshen da wani mai rai, igiyar ta yi lilo kamar ba ta san aikinta ba. Na gwada tokare shi da gwafar rumfa, ta gaza da kamu da yawa. Matata kuwa kullum sai ta shigo ta ɗauki abu guda ta fita. Yau kwanon sha, gobe ƙwarya, jibi madubi. Jeren kwanukanta da ke bango ya yi ta raguwa har ya zama ni kaɗai na rage a ɗakin cikin kayanta.

Ruwan farko na kirki ya zo bayan la'asar. Gabas ta yi ja, sannan ta yi baƙi, kaji suka shige akurki da kansu. Na shiga ɗakin na kishingiɗa, tunda na faɗa. Iska ta iso. Ina jin gawon yana kuka tun daga saiwa, ƙasar rufi na zubo mini a fuska.

"Malam, fito!" Matata ce, daga ƙofar ɗakina take kira. Ba ta ce Mushe ba.

Na ce ina hutawa.

"Akuya ta tsinke!"

Na ce ta san gida.

Iska ta ƙara. Sai na ji ta ce, da wata murya kamar ba abin da ya dame ta, "To shi ke nan. Kaskon tsuntsayenka dai na bugun gwafa, yanzu zai fashe. Ni ba ruwana."

Ban san lokacin da na tashi ba. Na fita ba takalmi, na ratsa iska zuwa rumfa, kaskon na lilo da gaske, na rungume shi, ruwan ciki ya kife mini a riga. Ina kiciniyar kwance igiyar na ji ƙara a bayana, ba irin ta aradu ba, wata busasshiya, sannan ƙasa ta motsa a tafin ƙafata.

Reshen ya shiga ta kusurwar rufin. Ya karya azara, ya sauka a kan gadon, daidai inda kaina yake ɗazu. Sai ruwa ya kece.

Muka tsaya a ƙofar ɗakina muna kallon ruwa na shiga ɗakinta ta sama. Ina rungume da kasko. Na jira ta ce Mushe, na jira ta ce in karanta mata wannan. Ba ta ce ba. Ta miƙo mini zane in goge kaina, ta juya ta shiga ciki. Tun da aka kawo ta gidan nan ban ji zagin da ya kai shirun nan ciwo ba.

Sai da aka kwana biyu bakinta ya dawo. Maƙwabci da wasu suka taimaka aka janye reshen, aka faskara. Ta yi girki da shi har tsakiyar damina, tana cewa bana dai tsuntsu ya yi mata itace, maigida ya yi mata taga. Guntun da ke da ramin na ɓoye a bayan rumbu. Ta gano shi, ta kafa shi kusa da murhu, yanzu a cikin ramin take aje ashana, wai ba ya jiƙa.

Da kaka aka gyara rufin. Na je na sanar da ita a hukumance cewa ɗakinta ya kammala. Ta ce ta saba da ƙarar ruwa a kan kwano. Har yau ni ke ɗakin ƙasa. Da gawon ya yi sabon ganye Ardo ya dawo, ya ji labari, ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan ya hau ya bi rassan ɗaya bayan ɗaya yana bugawa da gindin gatari, duk wanda ya yi amon ganga ya sauke shi. Matata na ƙasa tana nuna masa da muciya. Ba a tambaye ni ba.

Gawon ba sauran matacce, saboda haka mai jar hula ya bar mu. Ya koma wani tsohon itace a gidan maƙwabcina, mai korar tsuntsaye da gwangwani. Kaskon na nan a rataye, kurciyoyi na gunaguni, kurege na sata. In na yi nisa a masallaci nakan dawo in tarar an cika ruwan, in tambaya a ce ba a sani ba. Da hantsi nakan ji shi ta bayan katanga, ƙwas, ƙwas, ƙwas, kuma na san ko wane ne, amma sai na miƙe. Jiya har na ɗauko turmi na taka na leƙa, don in ga reshen da ya zaɓa bisa ɗakin wa yake.